Fataken Gummi da Kasuwar Waya: Me Ke Saura Idan Zango Ya Tashi?



Akwai tambayar da ke yawan tasowa a tsakaninmu: shin ɗawainiyar da muke yi a Facebook da WhatsApp, ta sayen data da tallar littafi da neman mabiya, tana biyan kuɗin sabulu kuwa? Wasu na cewa ɓata lokaci ne, wasu na cewa wanda ba ya ciki an bar shi a tasha. Kafin mu yanke hukunci, bari mu waiwayi tarihin yammacin Zamfara, domin an taɓa yin irin wannan kasuwa a can, tun babu waya babu mota.

A ƙarni na 19, rukunin 'yan kasuwa uku ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Waɗannan na ƙarshe, waɗanda suke danganta asalinsu da Borno, Gummi ce cibiyarsu, kafin wasunsu su koma Kano da zama. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi rubutu a kansu a 1973, ya kuma faɗaɗa bayanin a littafinsa na fataucin goro na 1980. Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jar fata, ya bi kwarin gulbin Zamfara, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu har Salaga, a arewacin Ghana ta yau. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci har shekara. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya, ana yada zango a garuruwan da aka saba.

Abin lura shi ne yadda ake ciniki a can. Bafatake ya iso garin da ba a san shi ba, ba ya jin yarensu, ga shi da dukiyar mutane, domin da yawa jarin na wasu ne da suka zauna a gida. Babu banki, babu takardar yarjejeniyar da alƙalin wata ƙasa zai karɓa. To me ya riƙe kasuwar? Mai masauki. Shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a yi cinikin bashi. Shi kuma baƙo ana auna shi da asalinsa: ɗan gidan wa ne, wane madugu ya biyo, me aka sani game da mutanensu. Har tsagar fuskarsa shaida ce. Labari kuwa yana tafiya da ayari. Wanda ya ci amana a Salaga, kafin ya iso Gummi maganar ta riga shi, kuma ba shi kaɗai zai ɗanɗana ba, har 'yan uwansa da za su biyo baya.

Wannan tsari bai mutu da zamanin jakuna ba. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda ake ba mahautan Yarbawa shanu bashi bisa lamunin mai gida. Idan mahauci ya ƙi biya, mai gidan ne zai biya baƙonsa. Saboda haka aikinsa na kullum shi ne sanin wa ke cika alkawari, wa ke da taurin bashi. Ke nan zumuncin da ake ƙullawa a zaure shi ne jarin, ba hira ce kawai ba.

Amma tarihin yana da ɗaya gefen. Salaga, duk da girmanta, ba ta dawwama ba. Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan hanyoyin goro ya raunana, sannan yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin. 'Yan kasuwa suka bazu zuwa wurare irin su Kintampo da Kete Krachi. Daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, layin dogo kuma ya iso Kano a 1911. Tsohuwar hanyar ta mutu murus. Wanda arzikinsa rumfa ce a Salaga ya tashi a tutar babu. Wanda arzikinsa sunansa ne, ya ɗauki abinsa ya yi gaba. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, ya fara da fataucin Gwanja, ya koma aiko da goro ta teku, sannan ya shiga sayen gyaɗa a Kano. A 1929, azurfar da ya kai ajiya bankin Turawa a Kano lodin raƙuma 20 ce. Haja ta canza, hanya ta canza, amma mutanen da suka yarda da shi su ne suka ci gaba da kawo masa kaya.

Yanzu mu dawo kanmu. Marubutan adabin kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, sun dogara ne da masu shagunan littattafai da ƙungiyoyi irin su Raina Kama wajen isa ga mai karatu. Yau yarinya a Anka ko Bukkuyum tana iya rubuta labari a wayarta, a karanta shi a Maraɗi da Kumasi da Jidda a dare ɗaya, a turo mata kuɗi ta asusu ba ta taka ƙofar gida ba. Tafiyar da ta ci wa kakanninmu watanni ta koma daƙiƙa. Duk wanda ya ce wannan ba riba ba ce, bai yi wa zamani adalci ba.

Sai dai zangon ba namu ba ne, kuma mun gani da idonmu. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako irin ta Nasarawar Burkullu. Gusau ta samu layi a Oktoba, sauran sassa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Mai mabiya dubu hamsin da mai mabiya hamsin duk suka zama ɗaya: sai mutum ya ƙetara wata jiha kafin ya aika saƙo. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Ashe Salaga takan sake faɗuwa a kowane zamani. Zanen aro ba ya rufe katara.

Haka kuma saurin da ke yaɗa suna shi ke yaɗa ɓacinsa. Duk mun san marubucin da ya karɓi kuɗin mutane ya buɗe musu zauren biya, labari ya kai tsakiya ya ɓace. Mun san mai ɗauko labarin wani ya sauya sunayen taurari, da mai sayen littafi ya watsa shi kyauta. A zamanin fatake irin wannan labari kan yi wata uku a hanya. Yau hoton hira ɗaya ya isa, kafin la'asar kowa ya gani.

To kasuwar waya tana da amfani? Tana da shi, irin amfanin zango ga bafatake: nan ake haɗuwa, nan ake jin farashi, nan ake samun mai masaukin da zai tsaya wa baƙo. Amma ba a gina gida a zango. Mu ajiye rubutunmu a inda muke da iko da shi. Mu san masu karatunmu na haƙiƙa, ko da ɗari ne, ta hanyar da ba ta rataya ga manhaja ɗaya ba. Kada mu karɓi kuɗin littafin da ba mu da tabbacin kammalawa. Idan mun ce Juma'a za a ga ci gaba, to a gan shi Juma'a. Kuma mu yi hattara da wanda za mu tallata, domin duk wanda muka ce a saya a wurinsa, mun zama masu masaukinsa, bashinsa yana wuyanmu.

Kambarin Barebari ba su san adadin masu bin su ba. Abin da suka sani shi ne mutum nawa za su ba su kaya ba tare da shaida ba. Kowannenmu ya yi wa kansa wannan lissafi a daren yau: idan aka wayi gari an ɗauke layi, mutum nawa ne za su nemi inda muke don su ji ƙarshen labarin?