Octandre, kiɗan Edgard Varèse na makaɗa takwas

Octandre kiɗa ne da Edgard Varèse ya tsara a shekarar 1923. An haifi Varèse a birnin Paris a 1883, ya koma Amurka da zama a 1915, ya rasu a New York a 1965. A can New York ɗin aka fara gabatar da Octandre, ranar 13 ga Janairun 1924.

Ya aro sunan ne daga ilimin tsirrai, inda kalmar ke nufin fure mai zaren namiji takwas. Kayan kiɗan ma takwas ne. Huɗu na busa ne irin na katako: sarewa, obuwa (dangin algaita), kilarinet da bason. Uku na tagulla ne: ƙaho, turompet da turombon. Na takwas shi ne kwantirabas, babban goge mai kaurin murya da ake kaɗawa a tsaye.

Kiɗan ya kasu kashi uku, kuma duka bai wuce kamar minti bakwai ba. Obuwa ce ke buɗe shi ita kaɗai, sannan sauran su shigo.

An san Varèse da son ganguna, amma a nan babu ganga ko ɗaya. Masu busa ne ke maye gurbinta, suna nanata sauti guda da ƙarfi kamar ana duka. Varèse bai damu da karin da za a iya rerawa ba. Tara sautuka yake yi dunƙule-dunƙule, suna karo da juna. Wannan salo ne ya sa ake lissafa Octandre cikin muhimman ayyukan kiɗan zamani na ƙarni na 20.