Daga Tandu Zuwa Kwalba: Tarihin Kuɗin Fiton Mazubin Turarenmu

Tunda Allah ya nuna mana zagayowar ranar kafa ƙungiya, na ga ya dace mu waiwayi wani ɗan abu da ke cin ribarmu ba mu cika kula da shi ba, wato kwalba. Duk mai haɗa humra ko turaren wuta ta san zancen. Ki ɓata kwanaki kina jiƙa farce da sandal, amma sai mai saye ta fara kallon mazubi kafin ta shinshina. Kwalbar nan mai murfin zinare kuwa ba a Gumel aka ƙera ta ba. Ta ƙetaro iyaka, an biya mata kuɗin fito, kuma daga aljihunmu kuɗin ke fita.

Kakanninmu ba su dogara da kwalba ba. Tandu suke da shi, wanda ake yi da fata, a ɗora ta jiƙe a kan wani ƙirar laka, in ta bushe a farfashe lakar a zazzage. Akwai tandun kwalli, akwai na man shafawa. Kayan gida ne, ba ruwansa da iyaka. Abin da ke zuwa daga nesa shi ne madubi da duwatsun wuya da turaren wardi, waɗanda ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Tarabulus ta Agadas da Damagaram zuwa Kano.

Gumel na cikin wannan harka tun da wuri. A 1845 aka dawo da hedkwatar masarauta nan daga Tumbi, garin da yanzu yake cikin Nijar. Da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka Gumel a watan Maris na 1851, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa. A wancan zamani fatake na biyan fito da gaisuwa ga sarakunan da suka ratsa ƙasarsu, kuma yawanci kayan jaki ko na raƙumi ake ƙirgawa. Ba wanda zai kwance mangala ya tsaya musu a kan sunan mazubi.

Zuwan Turawa ya sauya lissafi. Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi mulkin Ingilishi a 1903. Gwamnatin Lugga ta ɗora wa ayari haraji bisa darajar kaya, fatake suka yi ta kuka da shi, har aka soke shi a 1907. A tsakanin 1906 da 1908 kuma jami'an Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Da haka tsohuwar hedkwatarmu ta koma wata ƙasa, Maigatari ta zama bakin iyaka. 'Yar'uwarki da ta yi aure a Dungas, in ta aiko miki da kaya, a idon hukuma daga ƙasar waje suka fito.

Sai jirgin ƙasa ya juya akalar ciniki. Ya iso Kano a 1911, kuma a 1930 aka kammala layin Nguru, wanda ya ratsa ta Gagarawa. Kayan Turai suka daina biyo Sahara, suka koma shigowa ta Ikko, inda ake karɓar musu kuɗin kwastam tun a bakin teku. Ta wannan hanya kwalba ta cika kasuwanninmu. Iyayenmu sun san Bintu Sudan, turaren da kamfanin W. J. Bush na Landan ya fito da shi a 1920, wanda yanzu a Kano ake yin sa. In ya ƙare ba a yar da kwalbarsa, a wanke a zuba wani abin. A hankali tandu ya ja baya, kwalabe suka hau jere kusa da kwanonin amarya.

To, yaya ake yanke wa kwalba haraji a yau? Tun 1988 ƙasashen duniya ke aiki da kundi guda na Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Burasel, inda kowane irin kaya ke da lamba. Kayan gilashi suna babi na 70, kuma a nan kwalba ke da gida biyu. Lamba 7010 ta kwalaben da aka yi don zuba haja a kai kasuwa ce. Lamba 7013 kuma ta kayan gilashin tebur da kicin da ado da ƙawata ɗaki ce. Ma'aikacin kwastam yana duba siffa ne. Kwalba mai sauƙi, mai murfin da ke rufewa gam, wadda ake sayarwa kwali-kwali, ta fi kusa da gidan farko. Mai sassaƙa da fenti da dogon murfin gilashi, irin wadda ake hurawa da baki a Masar, wadda za a ajiye a gaban madubi a riƙa sake cika ta, ta fi kusa da na biyu. In kuwa kwalba ta zo da turarenta a ciki, yawanci lambar turaren take bi, wato 3303, ba a yi mata lissafi daban.

Bambancin lambar nan kuɗi ne tsaba. A 2015 ƙasashen ECOWAS suka fara aiki da jadawalin haraji na bai ɗaya mai matakai biyar: sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. A tsarinsa, kayan da za a ƙara sarrafawa a sana'a suna matakin kashi 10, kayan da aka gama don amfanin gida suna na kashi 20. Mu ɗauki misali. In darajar kaya har da kuɗin dako da inshora ta kai naira 500,000, a matakin 10 za a biya 50,000, a matakin 20 kuma 100,000. Sannan ga harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, kuma a kan jimilla ake ɗora shi, har da kuɗin fiton. Kin ga ke nan kalma ɗaya a takarda na iya cinye ribar zubi guda.

Ni kaina na taɓa ɗanɗanawa. Mun haɗa kuɗi da wasu mata uku muka yi odar ƙananan kwalaben humra, sai mai sayarwa, don ya burge mu, ya rubuta a rasit cewa kwalaben ado ne. Wanda ya fitar mana da kaya ya bi abin da ya gani a rubuce. Da lissafi ya zo na ce, "Haba Alhaji, ai na zuba haja ne!" Ya ce, "Hajiya, takarda ce ke magana." Wallahi ban da ta cewa. Amma a kula, ba ina nufin a sauya wa kaya suna don a rage haraji ba. Wanda aka kama da bayanin ƙarya, tara ce ko ƙwace kaya. A rubuta gaskiyar abin dalla-dalla: girmansa, irin murfinsa, da aikin da aka yi shi dominsa.

Wani kuskure da ke yawo a tsakaninmu shi ne wai duk abin da aka saya a tsallake ba shi da haraji tunda maƙwabta ne. Rangwamen ECOWAS na kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin ƙasashen ƙungiyar ne. Kwalbar Sin ko ta Dubai, ko ta kwana nawa a Damagaram, baƙuwa ce. Balle ma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Ita kanta iyakar mun ga abin da rufe ta ke jawowa. An rufe ta a Agustan 2019, sai 16 ga Disamba 2020 aka buɗe guda huɗu, Maigatari na ciki. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. Duk mai zuwa kasuwar Alhamis ta Maigatari ta tuna yadda rumfuna suka yi shiru. Mata daga Sule Tankarkar har Gagarawa, da yawanmu sai da muka koma wanke tsofaffin kwalabe kamar yadda iyayenmu suka yi.

A nan amfanin ƙungiya yake. Mace ɗaya mai sayen dozin biyu a Kano ba ta ganin takardar kwastam, sai dai ta ji farashi ya tashi. Amma in mun haɗa kuɗi muka sayi da yawa, muna da bakin tambaya: wace lamba aka sa wa kayan, kuma ina shaidar biya? Mu nemi mai lasisin fitar da kaya, mu raba odar kwalaben haja da ta kwalaben jere, kowace da rasit ɗinta, mu bar kwafi a wurin ma'aji. 'Ya'yanmu masu karatu su taya mu duba jadawalin kafin a tura kuɗi, don yana sauyawa. Mu kuma dawo da al'adar karɓar kwalba daga mai saye a rage mata wani abu, tunda wadda aka sake cikawa ba a biya mata fito sau biyu.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya maimaita mana na baɗi lafiya. Amin.