Saita zirin sigina: yadda turken 5G ke gano wayar salula

Saita zirin sigina shi ne matakin da turken sadarwa da wayar salula ke bi domin gano hanyar da saƙo zai fi isa da ƙarfi a tsakaninsu. Tsofaffin turaku suna baza sigina ne a faffaɗan fili, kamar fitilar ƙwai a tsakar gida. Na 5G kuwa suna ɗauke da ƙananan eriyoyi masu yawa a jere, waɗanda ke haɗa ƙarfinsu su tura siginar a siririn ziri, kamar hasken tocila.

Sai dai mai riƙe da tocila dole ya san inda zai haska. Saboda haka turken kan aika gajerun saƙonnin gwaji ta fuskoki daban-daban, ɗaya bayan ɗaya. Wayar tana auna su, ta sanar da shi wanda ya fi ƙarfi. Idan mai wayar ya gusa, misali ya taso daga kasuwar Gwagwalada ya nufi tasha, sai an sake lalubo shi.

A ƙa'idojin 5G na duniya da aka kammala a 2018, turke na iya gwada ziri har 8 a zangon gigahaz 3 zuwa 6, da kuma har 64 a zangunan da suka haura gigahaz 24. A Nijeriya, zangon gigahaz 3.5 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjonsa a Disamban 2021. Kamfanonin MTN da Mafab suka saya a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, Airtel kuma a 2023.

Ƙalubalen yana gaba. Tsarin 6G, wanda ake sa rai wajajen 2030, zai iya amfani da ɗaruruwan eriyoyi ko dubbai. Yawansu na ƙara sirantar zirin, gwaji ya ƙaru, ya ci lokacin aika bayanai da batirin waya. Wayar da ke kusa da turken kuma sai an gano nisanta, ba fuskarta kaɗai ba.

Haka nan idan zango ya yi faɗi, zirin kan rarrabu, kowane ɓangare ya nufi wata fuska. Masu bincike na neman mayar da wannan illa amfani: a bar zirin ya rarrabu da gangan, domin a gwada fuskoki da dama a lokaci guda.