Ina Za Mu Kai Baƙo A Birnin Shehu?

Mutanen Turai sun gwanance wajen nuna garuruwansu. Wanda ya sauka Landan, tun bai kwance kaya ba za a miƙa masa ɗan littafi mai hotuna, a ce kada ya kuskura ya koma gida bai ga fadar Bakingham ba, da tsohuwar kagarar nan ta bakin kogin Tems wadda aka soma gininta tun ƙarni na 11. In kuwa Faris ce, sai a tura shi ga hasumiyar ƙarfe ta Ifal, wadda aka gama cikin 1889. To, mu ma ga mu zaune a babban birni, cibiyar daular da a ƙarni na 19 ta miƙe tun daga Dori, cikin Burkina Faso ta yau, har Adamawa da Ilori. Baƙi kuwa ba su yanke mana ba, daga masu ziyara har masu bincike. Saboda haka tambayar da nake so mu yi wa kanmu, mu ɗalibai da malamanmu, ita ce: in baƙo ya ce mu zaga da shi Sakkwato, ina za mu kai shi, me kuma za mu gaya masa in mun isa?

Kashi na biyu na tambayar nan shi ya fi nauyi. Dalili kuwa, Sakkwato da ƙasa aka gina ta, ginin ƙasa kuwa ba ya jure damina sai da yaɓe kowace shekara. Abin da ya rage na dauri kaɗan ne, mafi yawan abin da ido zai gani siminti ne na jiya-jiya. Baƙon da aka sake shi haka nan ba mai bayani, zai koma garinsu ya ce bai ga kome ba sai rana da babura, kuma ba za mu ce ya yi ƙarya ba. A Faris dutse ke yi wa baƙo jawabi. A nan kuwa ɗan rakiya ne zai yi, in ya sani.

Ni dai in an bar mini zaɓi, arewacin gari zan fara nufa da shi, inda tudu ya yanke ya kalli fadamar Rima. Daga nan ne za a gane dalilin kafa birnin. Cikin 1808 aka ci Alƙalawa, hedkwatar Gobir, aka kashe Sarki Yunfa, watau shekara huɗu bayan hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu. Shekara na zagayowa, cikin 1809, Muhammadu Bello ya zaɓi wannan tudu kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ya soma kewaye shi da ganuwa. Ga ruwa, ga fadamar noma, ga makiyaya, sa'an nan ga tsayi wanda mai gadi zai hango ƙurar dawaki tun daga nesa. Gobirawa ba su haƙura ba, Kabawa na yamma, Azbinawa na arewa. Ribaɗi ne aka kafa, watau sansanin tsaron iyaka, kafin ya zama birnin sarauta. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai yi mamakin rashin ƙawa a tsohon gari ba.

Ganuwar fa? Sai dai labari. Kyaftin Kilafaton, Baturen Ingila da ya iso cikin watan Maris 1824, ya rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 20 zuwa 30, tana da ƙofofi 12 waɗanda ake rufewa da faɗuwar rana, ya kuma ce a duk garuruwan da ya ratsa a tsakiyar Afirka bai ga mai yawan jama'a kamar Sakkwato ba. Yau gidaje da tituna sun cinye ta. Abin da ya saura sunaye ne guda takwas da kowane mai babur ya sani: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku da Ƙofar Aliyu Jeɗo. Kada a raina sunayen nan, don da su za a iya zana wa baƙo girman tsohon birni, a kuma ba shi tarihi. Atiku shi ne ƙanen Bello da ya gaje shi cikin 1837. Aliyu Jeɗo kuwa shi ne Sarkin Yaƙin jama'ar Shehu. Kware da Dundaye garuruwa ne da hanya ke fita zuwa gare su, kuma a wajen Dundayen ne mazaunin dindindin na jami'ar da aka kafa cikin 1975, wadda aka sa wa sunan Shehu cikin 1988.

Daga nan sai Kanwuri, ƙofar fadar Sarkin Musulmi, da Masallacin Bello da ke kusa da ita. A nan ina da magana, ko da ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Masallatan Juma'a biyu na asali, na Bello da na Shehu, duka an sāke su da ginin zamani, na Bello a zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Niyyar kirki ce, jama'a ta yi yawa, tsohon gini ya gaji. Amma da aka tashi, ba a bar mana ko ɓangare guda na ginin ƙasa ba wanda za mu nuna mu ce ga hannun magina na farko. Kilafaton ya tarar ana gina wani masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo, ya zanta da shugaban maginan, mutumin Zazzau ne, wanda ubansa ya taɓa zuwa Masar ya ga irin gininsu. Ashe tun birnin bai cika shekara 20 ba gwanaye ke tahowa daga nesa su yi aiki cikinsa. Zazzagawa sun fi mu dabara a nan: da suka sabunta masallacinsu na Juma'a, sai suka rufe wani sashe na aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu cikin sabon gini, har yau ana ganin bakan gizonsa. Mu sai mu nuna wa baƙo wurin, mu ce nan ne.

Inda kowa ke zuwa, ko an kai shi ko ba a kai shi ba, shi ne Hubbare. Gidan Shehu ne, a unguwar da ake kira Sabon Birni, don kuwa faɗaɗa ganuwa aka yi ta yamma saboda shi da jama'arsa sa'ad da ya taso daga Sifawa cikin 1815. Ba hasumiyar zinariya, ba dutsen marmara. Zaure ne da ɗakuna da yashi, da masu tsaron wurin, da almajirai, da mata da maza daga Nijar da Gana da Kamaru da sauran ƙasashe suna shiga suna fita ba takalmi. Malamai sun daɗe suna jayayya a kan abin da ya halatta mai ziyara ya yi a bakin kabari, musamman tun da aka kafa ƙungiyar Izala cikin 1978, ni kuwa ba fagena ba ne, na bar wa masu shi. Abin da ya shafi ɗalibin tarihi shi ne wani abin mamaki da ba a cika gaya wa baƙo ba. Birnin da ake kira Birnin Shehu, Shehu bai zauna cikinsa ba sai kamar shekara biyu, ya rasu cikin watan Afrilu 1817. Wa'azinsa da rubutunsa da yaƙoƙin jihadi duk a wasu wurare aka yi su, Degel da Gudu da Tafkin Kwatto da Gwandu da Sifawa. Shi kuwa Bello, wanda ya sari garin ya yi shekara 20 yana sarauta, ba ya kwance a nan. Kabarinsa na Wurno, mil 20 da ɗoriya arewa maso gabas, ribaɗin da ya gina ya kuma fi son zama, inda ya rasu cikin 1837. Ɗansa Aliyu Babba ma can ya zauna, har Bajamushen nan Bart, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, da ya zo cikin 1853 a Wurno ya yi yawancin zamansa, Sakkwato leƙowa ya yi. Watau uba ya ba garin suna, ɗa ya ba shi ganuwa. Baƙon da ke da yini biyu, lalle a kai shi Wurno.

Kafin a fita Hubbare, a tuna masa da Nana Asma'u, wadda ke kwance kusa da mahaifinta. An haife ta cikin 1793, ta rasu cikin 1864. Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma shirya 'Yan Taru, inda jajis-jajis, manyan mata masu malfa, ke jagorantar matan ƙauye su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Mu masu nazarin adabin Hausa bai kamata mu wuce wurin nan da sauri ba, don rubutacciyar waƙarmu ta ajami a hannun irin su ta tsaya da ƙafafunta.

Asma'u ita za ta kai mu Giɗaɗawa, unguwar mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wadda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Waziri. A gidan Giɗaɗo aka sauki Kilafaton. Da ya komo karo na biyu cikin 1826, ya taɓa shiga wurin Bello ya same shi yana duba littafin Uƙlidisu na lissafin zane, fassarar Larabci. A zuwan farko ma Bello ya yi masa tambayoyi a kan rarrabuwar mazhabobin Kirista har Baturen ya rasa amsa. Kilafaton bai koma gida ba, ciwo ya kama shi ya mutu a nan ranar 13 ga Afrilu 1827, yaronsa Landa ya binne shi a wani ƙauye bayan gari. Na kawo wannan ne don in nuna inda dukiyar Sakkwato take. Mutanen nan ba su tara dutse ba, takarda suka tara. Shehu ya bar Ihya'us Sunna da Bayanu Wujubil Hijra, Abdullahi na Gwandu ya bar Tazyinul Waraƙati da Liya'ul Hukkami, Bello ya bar Infaƙul Maisuri wanda ya rubuta cikin 1812, kuma tsakaninsu su uku littattafai ɗaruruwa ne. Waziri Junaidu, wanda ya riƙe sarautar daga 1948 har rasuwarsa cikin 1997, shi ya tsare wannan gado, a ɗakin karatunsa ne kuma Murray Last ya zauna ya haɗa littafinsa na tarihin daular wanda ya fito cikin 1967. Hukumar tarihi da al'adu ta jiha tana ɗauke da sunan Wazirin, can ne baƙo zai ga rubuce-rubucen hannu da wasiƙun sarakuna da kayan yaƙi. Amma fa takarda tana da abokan gaba, gara da ɗanshi da gobara da rabon gado. Akwai littattafai a gafakoki cikin gidajen malamai waɗanda ba wanda ya lissafa su. Ganuwa ta tafi muna kallo, in waɗannan suka bi ta ba mu da ko sunan ƙofa da za mu riƙe. Ɗalibin da ya iya karanta ajami da warash, ya kuma iya ɗaukar hoto da wayarsa, yana da aikin yi a nan wanda ya fi kwafe abin da wasu suka riga suka rubuta.

Kasuwa ba sai na daɗe ba. A kai baƙo wurin dukawa ya sayi jaka ko takalmi, a gaya masa fatar jar akuyar ƙasar nan ce ayari ke ƙetare Sahara da ita, Turawa kuma suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. A biya da shi Maƙera Assada ya ji ƙarar uwar maƙera.

Wuri na ƙarshe shi ne wanda ya fi wuyar nunawa, don ba abin da za a nuna. Giginya. Yau in ka ambaci sunan, wani zai ɗauka filin wasa kake nufi, wani barikin soja, wani otal. Fili ne a kudancin tsohuwar ganuwa, wanda gari ya riga ya haɗiye. Bayan Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, sojan Ingilishi suka nufo nan. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai fi 'yan watanni a kan gado ba, majalisa kuma ta rabu, masu cewa a yi hijira, da masu cewa a yi sulhu, da masu cewa a tsaya. Aka tsaya. Ranar Lahadi 15 ga Maris aka yi sahu a wajen gari, Marafa Maiturare na riƙe da wani sashe na rundunar. Mashi da takobi da baka suka gamu da igwa da bindiga mai ruwa, kafin rana ta take an watse, sai wasu 'yan tsiraru da suka ƙi barin tuta, aka kashe su a gindinta. Attahiru ya yi gabas, jama'a suka yi ta binsa gari-gari suna barin gonakinsu, har aka cim masa a Burmi, can ƙasar Gombe, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. Waziri Buhari kuwa ya komo gari ya yi sulhu, Lugga ya iso, aka naɗa Attahiru na biyu ranar 21 ga Maris. Abin ya dami Wazirin ƙwarai, har ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana hujjarsa, cewa in kowa ya tafi, wa zai tsaya wa talakawan da ba su da ikon tafiya? Ina ganin bai kamata a ba baƙo labarin ɗayansu a bar ɗaya ba, don fadar da muka nuna masa ɗazu da zaɓin Buhari ta wanzu, sunan filin kuwa da zaɓin Attahiru. Waɗanda suka tsira daga Burmi suka ci gaba da tafiya tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu cikin ƙasar Sudan, kusa da Sinnar. Sunan garin Mai Wurno, jikokinsu na can har yanzu suna jin Hausa da Fulatanci.