Malamin Da Ke Jikin Naira Biyar

Jiya muna zaune wurin mai shayi a Tudun Wada, wani abokina ya dube ni ya ce, "Kai yanzu duk wahalar digiri na biyun nan, ƙarshenta alli za ka riƙe?" Aka kwashe da dariya. Ban tanka ba, amma da na koma ɗaki sai Abubakar Tafawa Ɓalewa ya faɗo min a rai.

Mu dai Firayim Minista muka sani, da hotonsa a jikin naira biyar ɗin da yanzu ko ruwan leda ba ta saye. Amma mutumin nan malamin makaranta ne tun asali. An haife shi a 1912 a Lardin Bauchi, kuma kar ku manta, lokacin Gombe ma cikin lardin take, sai 1996 muka samu jiha. Ba ɗan sarki ba ne. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya dawo Midil ta Bauchi yana koyarwa har ya zama hedimasta. Yana wannan aikin ya rubuta Shaihu Umar. A 1945 aka tura shi Landan ƙaro ilimin koyarwa, bayan ya dawo ya shiga Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 kuma ya tafi ta Ikko.

Abin da ya fi tsaya min shi ne watan Agusta na 1950. A Kaduna ya miƙe a majalisa, ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi. Ku tuna fa, zamanin da alƙali da ɗan doka da gidan yari duk a hannun En'e suke, kuma galibin 'yan majalisar ma'aikatanta ne. A ganina, wanda ya shekara goma sha yana kallon 'ya'yan talakawa a aji ne zai iya wannan ƙarfin hali, domin ya ga yadda yaro mai ƙwaƙwalwa ke gama makaranta ya tarar ba shi da ta cewa a garinsu.

An kashe shi a Janairun 1966, Allah Ya jiƙansa. Kabarinsa na nan Bauchi, tafiyar awa biyu da ɗoriya daga nan, kuma kunya ta sa ban gaya wa abokin nawa cewa ni ma ban taɓa zuwa ba.