Umurnin Minista: Na Takarda da Na Baka



Duk wanda ya taɓa aiki a wata hukumar gwamnati mai cin gashin kanta ya san maganar nan, "daga sama aka ce." Abin da nake so mu duba yau shi ne inda doka ta ba minista ikon yi wa irin waɗannan hukumomi umurni, da dalilin da ya sa ikon ya zama takobin da ba a cika zare shi ba.

Tushen al'amarin a Ingila yake. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Leba ta Clement Attlee ta karɓe haƙar kwal da jiragen ƙasa da lantarki daga hannun 'yan kasuwa. Ba ta mai da su sassan ma'aikatu ba, sai ta danƙa kowanne ga hukuma, bisa tsarin da Herbert Morrison ya daɗe yana kira a bi, wato gwanaye su riƙe aikin yau da kullum, 'yan siyasa su koma gefe. To amma dukiyar ta jama'a ce, kuma minista ne Majalisa za ta tuhuma in an yi ɓarna. Saboda haka dokar kwal ta 1946 ta bar masa ƙofa: bayan ya shawarci hukumar, yana iya yi mata umurni a kan manufa gaba ɗaya idan abin ya shafi maslahar ƙasa, ita kuwa wajibi ne ta bi. Sai dai dole ta bayyana umurnin a rahotonta na shekara, in ba minista ya ce bayyanawar za ta cuci ƙasa ba.

A ganina wannan sharaɗi shi ne gishirin dokar, kuma shi ne ya sa ministoci suka guje ta. Umurnin takarda yana ɗauke da suna da kwanan wata. In abin ya ɓaci, babu wanda za a ɗora wa laifi sai mai sa hannu. Dokar Bankin Ingila ta 1946 ta ba Baitulmali irin wannan iko, amma ba a taɓa aiki da shi ba. Abin da aka saba shi ne a gayyaci shugaban hukuma cin abinci, a raɗa masa abin da ake so.

Na takarda kuma kotu tana iya auna shi. Dubi Freddie Laker, wanda a 1972 Hukumar Jiragen Sama ta ba shi lasisin jigila mai rahusa tsakanin London da New York. Da Peter Shore ya zama Ministan Ciniki, sai ya fitar da takardar jagora a 1976 wadda za ta kai ga soke lasisin, har Majalisa ta amince da ita. Laker ya kai ƙara. A Disambar shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara, ƙarƙashin Lord Denning, ta ce jagora bayani ne a kan doka, ba ta da ikon warware manufar da dokar 1971 ta shimfiɗa. A Satumbar 1977 jirgin Laker ya tashi. Da a teburin abinci aka gama maganar, da wace takarda zai nuna wa alƙali?

Wannan tsari muka gada. Hukumar Tashoshin Ruwa da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, waɗanda suka fara aiki a 1955, a kan wannan zubi aka gina su, har da ƙofar minista. Amma inda minista ke naɗa 'yan hukuma, kuma 'yan jam'iyyarsa yake naɗawa, ba ya bukatar takarda ko kaɗan. A 1962 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a G. B. A. Coker ya binciki hukumomi shida na Jihar Yamma. Gaskiya ne an kafa shi cikin zafin rikicin siyasa, bayan an sa dokar ta-ɓaci a jihar, don haka sai a karanta rahotonsa da lura. Duk da haka ya bi sawun miliyoyin fam daga Hukumar Cinikin Amfanin Gona, kuɗin guminsu manoman koko, zuwa wani kamfani da manyan jam'iyyar Action Group ke riƙe da shi, daga can kuma wani kaso ya zarce asusun jam'iyya.