Keke Mai Giya Ɗaya a Gasar Zagaya Faransa

Idan muka waiwayi tarihin tseren keke, za mu tarar cewa gasar zagaya Faransa, wadda aka soma a 1903 ƙarƙashin jagorancin Henri Desgrange, da kekuna masu giya ɗaya aka fara ta. Daga bisani, mahayin da ya doshi tsauni sai ya sauka, ya kwance tayar baya ya juya ta, domin haƙoran ɗaya gefen sun fi sauƙin tuƙawa. Desgrange ya daɗe yana haramta na'urar sauya giya, don a ganinsa ƙarfin ƙafa ake gwadawa, ba dabarar maƙeri ba. Sai a 1937, bayan ragamar ta koma hannun Jacques Goddet, aka halatta ta ga kowa, shekarar da Roger Lapébie ya lashe gasar.